Gorar Ruwa a Hanyar Mirya

Jikokina idan suka ga masu tseren gudu a talabijin sukan juyo su dube ni, su ce ai tsoho ma ya taɓa yi. Sai uwargidan ta ce, "Ya yi mana. Amma ku tambaye shi ta ina ya bi." To gara in faɗa da bakina, domin idan ita ta faɗa ƙarawa take yi.

A shekarun fari ne, ba wanda aka yi ina yaro ba, na bayansa. Ƙauyenmu yana gabas da Mirya. Damina ta zo ta wuce kamar ba a yi ba, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Mahaifina ya bi mutane kudu neman abinci, mahaifiyata kuwa ta daɗe da rasuwa. Gidan ya rage ni da kakata da matata, wadda ko shekara ba mu yi da aure ba. Anza muke ci. A jiƙa ta, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, har ɗacin ya ragu yadda za ta haɗiyu.

Surukina, uban matata, yana wani ƙauye kudu da mu inda akwai fadama, yana da ɗan lambu da rijiya. Wata rana ya zo da jakinsa da amalanke. A wancan zamani suruki da mijin 'yarsa ba sa haɗa ido. Ba ka ci a gabansa, ba ka sha a gabansa, idan ka hango shi ka cire takalmi ka durƙusa. Shi ma ba ya yi maka magana kai tsaye. Wasu tsofaffi ta bakin wani suke aikowa, shi kuwa jakinsa yake gaya wa.

Ina durƙushe a bakin danga ya shafa wuyan jakin ya ce, "Kai jaki, gidan nan ba kullum ake ɗora tukunya ba. Zan tafi da 'yata har a yi girbi."

A shekarun nan na ga matan da aka tafi da su har girbi, girbin bai zo ba, su ma ba su dawo ba. Kakata ce ta fito daga ɗaki tana jan ƙafa.

Ta san wani abu da shi bai sani ba. Mushen lakwal ɗin garinmu, wato malamin makaranta, wanda ya koyar da ni 'yan shekarun da na yi a aji, ya zo mana da labari cewa za a yi tseren samari daga Mirya zuwa Damagaram, a zagaya Birni a ƙare a filin gaban ofishin farfe, wato gwamnan yankin. Irinsa ne jikokina suke kira rabin maraton. Waɗanda suka fara isa kowa zai samu buhun dawa. Mushe ya ce karatu dai ban yi ba, amma bai taɓa aikena na dawo yana tsaye inda na bar shi ba tare da ya yi mamaki ba. Shi ya sa aka rubuta ni.

Kakata ta ce wa surukina, "Malam, ka bar mini kishiyata har ranar tseren nan. In mijina ya kawo buhu, ta zauna. In bai kawo ba, ka ɗauke ta, ni ma in huta da rabon miji."

Haka take kirana, mijinta, tun ina rarrafe. Surukina ya juya ya ce wa jakin, "To, za mu je mu gani. Ban taɓa ganin ƙato yana gudu babu abin da ya koro shi ba."

Mushe ya kawo mini kayan tsere, 'yar riga mai lamba da wani jan wando. Kakata ta ɗaga wandon da yatsa biyu ta ce, "Wannan wando ne, ko yadin ne ya ƙare wa tela?" Matata ta rufe baki da gefen zane ta shige ɗaki, ina jin ta tana dariya har da tari.

Ana gobe tsere muka kama hanyar Mirya, mu huɗu da jaki. Matan suka hau amalanke. Jakin ya rame, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, don haka surukina ya ce shi a ƙasa zai tafi. Matata ta yi mini alama da ido in hau in huta da ƙafafuna. Ina! Uban matata yana takawa, ni ina zaune a kan amalankensa? Na bi baya da nisa, ina shan ƙurar taya.

Da rana ta take muka tsaya a gindin wani gawo. Surukina ya kwance ƙullin rogo da ya kawo daga lambunsa, rabona da ganin rogo tun bara. Aka ajiye mini nawa. Na ce na ƙoshi. Kakata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ƙoshi da me? Da ƙura?" Ta ɗauki rabona ta cusa a cikin zanenta. Da muka ci gaba da tafiya ta riƙa sakin guntu ɗaya ɗaya ta bayan amalanke, ina tsinta ina kai wa baki idan tsohon ya ba da baya. Haka na ci abincin tserena, kamar kaza tana bin mai ɗaukar dami.

Muka kwana a gidan wata ƙawar kakata mai ginin tukwane. An riga an gaya mana babu mai ba da ruwa a hanya, kowa danginsa su tare shi. Aka shirya cewa amalanke zai yi sammako ya tsaya a wata tsamiya da ke gaba da rabin hanya, matata ta riƙe mini gora. Ni a zatona tsohon zai sauke su ya wuce kasuwar Damagaram. Ban tambaya ba. Ta yaya ma zan tambaya? Sai da na daina jin ƙarar amalanken sannan na cire babban wandona na ba mai tukwane ajiya.

A wurin tashi akwai sojoji, akwai 'yan lise, ɗaliban babbar sakandare, masu fararen takalma, akwai irina 'yan ƙauye da ƙafa a ƙasa muna ta jan wando ƙasa ko zai ƙara tsawo. Aka busa usur. 'Yan lise suka tashi kamar an kunna musu wuta. Ni na kama irin gudun da nake yi in an aike ni, ba sauri ba tsayawa. Kafin lambunan Mirya su ɓace a bayanmu na fara wuce masu fararen takalma, wasu sun dafa gwiwa, wani yana amai. Rana ta ɗago. Da na ɗaga kai sai na ga sojoji 'yan kaɗan ne kawai a gabana. Na ce a raina buhun nan har na ji nauyinsa a kafaɗa.

Maƙogwarona ya fara bushewa daidai lokacin da na hango tsamiyar. Na ga jakin. Na ga zanen matata a bakin hanya. Sai kuma na ga malfa, wadda na sani ko a cikin taron kasuwa. Tsohon yana zaune a gefen amalanke.

Abin da ya zo mini a rai shi ne cinyoyina. Ga ni zan bi ta gaban uban matata da wandon da kakata ta ce yadi ya ƙare. In na iso dole in durƙusa in gaishe shi, a haka. In na tashi kuma in kafa gora a baki a gabansa ina kwankwaɗa. Ban tsaya na auna komai ba. Ƙafafuna da kansu suka bar hanya suka yi arewa, bayan wani tudun yashi, da niyyar in zagaye tsamiyar ta nesa in dawo.

A shekarar da gero ya ƙi, ƙarangiya ba ta ƙi ba. Bayan tudun nan fili ne guda nata, ta bushe ta zube. Taku kaɗan na yi ƙafafuna suka zama kamar an sa musu safa. Ta kama wandon, ta kama rigar, ta shiga inda ba zan rubuta ba. Ina tsalle ina ci gaba, don komawa ta gaban tsamiya ne.

Can na jiyo muryar matata. Ta gan ni na sauka, tana so ta kira ni, amma mace ba ta faɗin sunan mijinta, balle a gaban ubanta. Sai ihu take, "Kai! Kai ɗin nan! Kai!" Daga baya ta ce duk wanda ke gudu a hanyar sai da ya waiwayo, har wani soja ya nuna ƙirjinsa yana tambaya ko shi. Ni kaɗai ne ban waiwaya ba.

Na fito hanya can gaba, na zauna ina cire ƙaya da yatsun da su ma suka cika da ita. Wani jandarma mai bin 'yan tsere a kan moto ya tsaya a kaina.

"Kai, daga ina ka fito? Yanke hanya ka yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarawa na yi."

Ya dubi ƙafafuna, ya dubi dajin, ya girgiza kai ya ja motonsa.

Na tashi na ci gaba, amma gudun ya riga ya fita daga jikina. Tafin ƙafa yana zugi, harshe ya zama kamar guntun fata. Duwatsun Damagaram suka bayyana, ina tafiya suna ja da baya. 'Yan lise da na wuce suka fara wuce ni, sun sha ruwa a hannun iyayensu, har wanda ya yi amai. A cikin lungunan Birni yashi ya riƙe ni, na koma tafiya, yara suna bina suna tafi. Da na isa filin an gama rabon buhu, ana kwashe kujeru.

Ina kwance a inuwar wani bango amalanke ya iso. Na yi zumbur na jawo rigar ina son rufe gwiwa da ita. Matata ta sauko da gorar, cike take yadda ta cika ta da asuba. Ta dangwarar da ita a gabana. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

Ta rage murya ta ce, "Ka san tun yaushe Baba ya juya wa hanya baya? Tun da muka sauka. Ya zauna yana kallon daji, ya ja malfa ya rufe fuska. Ya ce in gaya masa in ka wuce ka sha ruwanka. Ko mutum ɗaya bai ga yana gudu ba. Ya taka tun daga gida don ya ga tsere, ya ƙare da kallon geza."

Na hangi malfar daga nesa, amma ban tsaya na ga inda take fuskanta ba.

Kakata tana daga kan amalanke ta ce, "Ni da na san bushiya na aura da ban biyo ku ba. Matso in cire maka, mijin banza." Ta zauna tana cire mini ƙaya da tsinke, duk wadda ta fita sai ta nuna wa matata.

Surukina yana can gefe, har yanzu bayansa nake gani. Ya gyara wa jakin igiya ya ce, "Kai jaki, buhu dai babu. Magana kuwa an riga an yi ta. Yarinya za ta bi ni."

Na sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, gidana babu abin da za ta ci.

Ya ɗan jima yana sosa wa jakin kunne, sannan ya ce, "Amma daga garinsu zuwa namu bai kai Mirya zuwa Damagaram ba. Rijiyar lambu tana son mai jan guga, ni ƙuguna ya gaji. Hanyar kuma ɗaya ce, miƙaƙƙiya. Ka gaya wa mai son bi ta daji cewa ba sai ya bi ba."

Haka na yi sauran rani. Kullum da safe in kama gudu zuwa lambun, da babban wandona, in ja ruwa in shayar da albasa da rogo. Idan rana ta take sai in tarar da ƙwarya a rufe da faifai a gindin rijiya, da gorar nan a kusa. Tsohon kuwa sai ya tuna yana da aiki a can ƙarshen lambu, ya je ya zauna yana kallon danga har in gama. Da yamma matata ta ɗaura mini abin da zan kai wa kakata, mu yi 'yar magana a bakin ƙofa in juya.

Ban taɓa yi masa godiya ba. Babu hanyar da zan faɗa, kuma ban yi wayon gaya wa jakin ba sai bayan dukansu biyu sun tafi.

Ruwa ya sauka a daminar da ta biyo. Bayan girbi ya ɗoro ta a amalanke ya kawo ta har ƙofar gida, da damin gero biyu a bayanta. Kakata ta leƙo ta ce, "Af, kishiya ta dawo, hutu ya ƙare." Matata ta sauko, ta wuce ni, ta rataye gorar a bakin ɗaki inda duk mai shiga sai ya gan ta. Da ta fashe ta sa aka ɗinke ta, ta mayar wurin.