Hoton Kawu a Shingen Hanyar Maradun

Mun tashi da asuba ranar Lahadin da ta wuce, amma tashi daga gida kawai, domin yanzu a Talata Mafara babu direban da ke barin tasha sai rana ta fito kowa ya ga fuskar kowa. Na zauna na ci waina da miyar taushe mai yaji, ina kallon direbobi suna tambayar juna ko an ga mota ta shigo daga Bakura. Haka ake sanin lafiyar hanya yanzu. Idan mota ta fito daga can, ku ma ku shiga. Idan shiru, ku ma ku yi shiru.

Dalilin tafiyar zai ba wasunku dariya. Masu bin rubutuna sun san tsohon jarumin nan na finafinan Indiya ya mutu kwanakin baya. To ni ta'aziyya zan je yi, kuma ba Indiya ba, Bakura. Kawuna, wan mahaifiyata, shi ne mai haska fim a wata silimar Gusau tun kafin a haife ni, kuma duk danginmu sun san jarumin nan nasa ne. Ranar da labarin ya fito, mutane suka riƙa kiran Kawu a waya suna yi masa gaisuwa kamar ɗan ɗakinsu ne ya rasu. Mahaifiyata ta ce in je, kada ya ce mun raina rashinsa.

Hanyar Bakura ba ta da nisa, amma damina ce, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, ba ka ganin komai bayan zangarniya. Mu bakwai ne a ƙaramar mota, kuɗin mota kuwa ya ninka na bara. Wani babur ya ɓullo daga gona, matar da ke kusa da ni ta damƙe gwiwata tana salati, ashe manomi ne da buhun taki. Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Na tarar da Kawu a zaure ya sha babbar riga, da jaka a gefensa. Bayan doguwar gaisuwa da hocen dawa da ƙuli da aka kawo mini na ci, sai ya ce ai na zo daidai, Maradun za mu. Yana da aboki can, wanda ya yi tsaron ƙofar silimar lokacin da Kawu ke haska fim, yanzu ya makance, kuma bai kamata ya ji wannan rashi shi kaɗai ba. Na ce Kawu, hanyar Maradun fa? Ya ce, "Wanda yay yi hanya shi ka tsaron ta." Na so in yi gardama, kunya ta hana ni.

Sai da muka koma Mafara muka sake mota. A hanya Kawu ya buɗe bakin da ya saba. Ya ba ni tarihin mutumin tun daga ƙauyensu: ɗan manomi ne, ya shiga jirgin ƙasa zuwa birni da ƙunshin kaya ɗaya, ya yi shekaru yana yawo ƙofa ƙofa ana ce masa fuskarsa ta noma ce. Da ya samu shiga kuma, sai da ya fito a likita, ya fito a soja, ya fito a direban tasi, ya tsufa ya fito a uban waɗanda suka gaje shi. Kawu ya ce fim ɗin da ya fi cika silima shi ne wanda ya fito a ɗan fashin daji, mai ƙwace na masu kuɗi ya raba wa talakawa. Sati uku suna haska shi, mutane har kan katanga. Fasinjoji suka ɗan saki jiki, wani ma ya yi dariya. Ni dai idona na kan gero.

Saura kaɗan mu shiga Maradun muka iske shinge. Gungumen itace ne a kan titi, da 'yan sa-kai kamar takwas, da bindigogin gargajiya da layu a damatsa. Na ji sanyi da na ga namu ne. Suka ce kowa ya fito da kayansa. Wani dogo mai jan ido ya zazzage jakar Kawu: carbi, goro, maganin ciwon ƙafa, sai wani abu a naɗe cikin ɗankwali. Ya warware.

Hoton jarumin ne. Na san shi tun ina yaro, a bangon ɗakin Kawu yake. Baƙi da fari ne, Kawu ya yanko shi daga takardar tallan fim, ya datse duk rubutun don ya shiga gilashi. Mutum ne tsaye a kan dutse, da baƙin rawani, da ɗamarar harsashi a ƙirji, da bindiga a kafaɗa. Shekara talatin ina ganin hoton nan, sai ranar na gan shi da idon mutumin da aka ƙone wa gari.

"Tsoho, wa na wanga?" in ji dogon.

Kawu ya faɗi sunan jarumin da ƙarfi, har da gyara tsayuwa. Babu wanda ya taɓa jin sunan a cikinsu. Mafi girmansu bai wuce talatin ba. Suka dubi hoton, suka dubi Kawu, wanda shi ma fari ne dogo mai siririn hanci. Ɗaya ya ce ai ga kama nan. Wani ya ce dama tsofaffi ake ba saƙo yanzu, don ba a zarginsu. Na zaro waya in nemo musu hoton jarumin, babu sabis ko ɗigo. Aka janye Kawu gefen titi, aka ce ya zauna ƙasa. Hularsa ta faɗi, babu wanda ya ɗauka.

Kun san abin da ake yi wa wanda aka kira ɗan rahoton 'yan bindiga a wannan yanki. Ba a kai shi ofis. Direbanmu ya koma bayan mota yana kallon tayarsa. Ni kuwa na tsaya inda nake ina kallo.

Dogon ya ajiye hoton a ƙasa ya ce wa Kawu, in ba ubangidansa ba ne ya taka shi. Kawu ya ce, "Ban taka huskar mutumin da nic ci abinci da shi shekara ashirin." Wallahi na so in rufe masa baki. Sai dogon ya juyo kaina.

"Kai, mi an naka da shi? Tare kuke?"

Zan faɗi abin da na ce, don shi ne dalilin wannan rubutu. Na ce, "Fasinja ne. A mota muka haɗu." Kawu yana zaune taku uku daga inda nake. Bai ɗago kai ba.

Allah Ya kawo shugabansu a kan babur, wani tsohon maharbi mai furfura a gemu. Aka miƙa masa hoton. Ya daɗe yana kallo, ya matso da shi kusa da ido, ya nesanta. Sannan ya faɗi sunan jarumin a hankali. Ya ce wa yaransa ɗan wasan Indiya ne, shi da kansa ya kalli wannan fim a Gusau sau huɗu. Ya ɗauko hular Kawu ya karkaɗe ya miƙa masa. Na zaci za a yi dariya, ba a yi ba. Maharbin ya ce, "Malam, da can in ya sabko daga dutsen ga, tahi muka yi mai. Yanzu ɗiyana biyu masu irin wanga rawani sunka kashe. Naɗe abinka, kak ka ƙara hiddo shi bisa hanya."

Mun shiga Maradun kafin azahar. Garin na nan da ransa, masu kifi sun baza hajarsu, ana auna gyaɗa, amma kowa na duban rana. Abokin Kawu ya fito yana lalube da sanda. Suka rungumi juna suka yi kuka sosai. Kawu ya sa masa hoton a hannu, makahon ya riƙa shafa gilashin yana ba da labarin ranar da injin ya tsinke ana tsakiyar faɗa, 'yan kallo suka yi musu ruwan ɓawon rake. An kawo soyayyen kifi mai kyau, ban taɓa shi ba. Kawu bai ce uffan ba game da shinge. Da za mu tashi, ya bar wa abokinsa hoton.

Da la'asar muka sauka Mafara, na kai Kawu layin motocin Bakura. Duk hanya ina haɗa kalmomin ban haƙuri suna wargajewa. Na ce in raka shi gida, ya ce a'a, yamma ta yi. Ya shiga gaba, ya gyara rigarsa, ya leƙo ta taga.

"Ka gai da uwarka," ya ce. "Ka ce mata fasinja ya iso lahiya."

Motar ta tashi ina tsaye. Na dawo gida da ƙafafuna da wayata, ko ƙwarzane babu, mahaifiyata tana ta hamdala. Ni da nake rubuta muku dogayen sharhi a kan jarumta, na je na ga iya tawa. Tsoho ɗan saba'in ya ƙi taka hoton baƙon da bai taɓa sanin yana duniya ba, ni kuwa tambaya ɗaya aka yi mini na saki wan mahaifiyata. Ta tambaye ni yadda Kawu yake, na ce lafiya lau. Har yau ban isar mata da saƙonsa ba.