Ba a Koya Masa Faɗuwa Ba

Ban taɓa ganin maigidana yana dambe ba, ko sau ɗaya. Matar aure ba ta zuwa fage. Da kunne na san dambensa: ina tsakar gida ina tankaɗe, in ji kalangu ya ɗauki takensa daga bakin kasuwa, in ji ihu ya tashi, sai in ce to, an kwantar da ɗan wani. In ɗora ruwan zafi, in ɗauko man kaɗanya, don in ya dawo hannun nan sai an gasa shi.

Mahauci ne a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Maraya ne, kawunsa ya rene shi, ya koya masa fawa da dambe. Tsohon ya yi zamaninsa a fage, hancinsa ma a karkace yake. Yakan zauna a zaure yana faɗa wa samari abin da ke sa ɗan dambe ya cika: hannun da aka naɗe da zare ya iya bugu, ɗaya hannun ya iya kariya, ga ƙafa mai sauƙi, ga sanyin zuciya. Ya ce ɗansa ya haɗa duka. Ni kuwa daga bayan zana nakan ce a raina, sanyin zuciyar nan dai a kai kasuwa. Mutumin da in tuwo ya huce gidan ba ya zaunuwa!

Amma gaskiya ne ba a taɓa kai shi ƙasa ba, kuma ina taƙama da hakan.

A shekarar da aka sako ruwa a hanyoyin ruwan da gwamnati ta haƙa, maza suka daina tafiya ci-rani, kowa ya kama noman rani. Maigida ya samu fili ya dasa tumatir, ni kuma ina da cikin fari. Garin ya cika da baƙin leburori, kuma a wasan bayan kaka ɗaya daga cikinsu, wani siririn mutum, ya naɗe hannu ya shiga fage.

Ranar nan bayan la'asar kalangu ya ɗauki taken maigida, sai ya yanke a tsakiya. Ihun da ya biyo baya ba irin wanda na saba ji ba ne. Maigida ya shigo ba sallama, ƙasa a gwiwarsa. Na durƙusa zan kwance masa zaren, ya fizge hannunsa.

Da safe baƙon ya zo da goro, kamar yadda mutanen kirki ke yi. Kawu ya leƙo ya ce, "Fito ka karɓi gaisuwa, haka ake yi." Maigida ya juya wa ƙofa baya. Ina jin baƙon daga zaure yana cewa, "Baba, ku ce masa kada ya sa a ransa. Ni an kai ni ƙasa ya fi a ƙirga, ga ni nan ina cin tuwo."

Da a da ne, da sai ya bi 'yan ci-rani, ya dawo da damina magana ta huce. Yanzu kuwa kowace safiya mazan gari na bakin ruwa suna jiran a buɗe wa kowa nasa, kuma inda maza suka taru sai an yi tsokana. Ya ƙi zuwa. Tumatir ya fara yaushi, ga ruwa na wucewa ta gefensa.

Na ce, "Maigida, ƙasa fa ka taɓa, ba wuta ba. Dubi cikin nan, ka tashi ka ba gonarka ruwa."

Ya ce, "Ke ba ki san fage ba."

Bayan 'yan kwanaki ya ɗaure kayansa, ya ce zai je kudu ci-rani. A shekarar da kowa ya zauna gida, shi ya tafi.

Kawu ya karɓi ban ruwan da tsufansa. Wata rana ya dawo daga gona ya zauna a bakin ƙofata, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "'Yata, lokacin da nake koya masa, sau da yawa ina ganin haɓarsa a buɗe, sai in tuna uwarsa in janye hannu. Da na shimfiɗe shi a zauren nan tun yana saurayi, ya tashi ya karkaɗe riga ba wanda ya gani, da yanzu yana gona."

Na ji haushin tsohon, na kuma ji tausayinsa. An ce an ga maigida a mahautar Ikko, daga nan labari ya yanke. Na haifi namiji, bai taɓa ganin ubansa ba. Har yau abin na ci mini rai: namiji har namiji, bugu ɗaya ya raba shi da gidansa.

Matan unguwa sun sha cewa ba ni da tausayi, don yaron nan yana koyon tafiya in ya faɗi ba na rugawa. Hannuna na ƙaiƙayi, amma sai in matse shi a zani, in tsaya har ya tashi da kansa.