Langar Hawa'u da Kwarin Binuwai

Alhaji Hamadu direban kamiyo ne, wato babbar motar kaya, a Garwa ta ƙasar Kamaru, jikan fataken Kano da suka sauka bakin Binuwai suka ƙi komawa. A kan yashi da dutse ƙarfinsa ya ƙare: ya ɗebo, ya sauke wa magina. Ba ya tauye lodi, ba ya saɓa alkawari, kuma abu ɗaya yake tinƙaho da shi a majalisa: "Ni da ƙanena Iliyasu ko sa-in-sa ba mu taɓa yi ba."

Maganar gaskiya ce, sai dai gaskiyar da aka yanke wa rabi ta fi ƙarya wuyar kamawa. Da mahaifinsu ya tsufa, sai ya tsallake babba ya danƙa mabuɗin shagon atamfa a hannun Iliyasu. Hamadu bai ja da hukuncin ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma ƙetaren gada. A Babbar Sallar shekarar, Hawa'u matar Iliyasu ta aiko masa da langa cike da dambun nama. Kowa ya sani, kwanon da ya zo da abinci ba ya komawa wayam, ba ya kuma daɗewa a gidan mutane. Hamadu ya ce a ajiye har a sami abin da ya dace. Langar ta hau kan kabad, ba ta sauko ba har 'yarsa Raudatu, wadda lokacin ba ta iya ɗaura zane ba, ta shiga jami'a a Marwa tana karatun duwatsu. 'Yan'uwan kan haɗu a jana'iza su gaisa da ladabi, kowa ya kama gabansa.

Wata rana malamin su Raudatu, Mushe Landry, kamar yadda ake kiran malam da Faransanci, ya kawo ɗalibai Garwa, motarsu ta kasa hawa hanyar wurin da ake fasa dutse. Hamadu ya kwashe su a kamiyonsa. Yana zaune a inuwa Raudatu ta zo da guntun jan dutse.

"Baba, ka san a cikin tsaga kake zaune?"

"Ga ta nan. A kai ku makaranta ku dawo kuna zagin garin ubanku."

Ta yi dariya, ta zauna. Ta ce fiye da shekara miliyan ɗari da suka shige, Afirka da ƙasar Birazil a manne suke. Ƙasa ta miƙe, ta yi siriri, ta tsage. Tsaga ɗaya ta bi ta nan, amma ta tsaya a hanya. Koguna suka yi ta zuba mata yashi har ya daskare ya zama dutsen da yake lodi. Ɗayar kuwa ta ci gaba da buɗewa, ruwa ya shiga, ta zama tekun da ke bakin garin Kribi.

"To can ai ƙasa ba ta zama lafiya," in ji shi.

"Akasin haka, Baba. Mushe ya ce irin wannan gaɓa ita ta fi kowace kwanciya. Inda ƙasa ke girgiza, ɓangarori ne ke gogar juna. Afirka da Birazil kuwa sun daina taɓa juna tun tuni, da me za su yi rigima?"

Ta koma wurin 'yan ajinsu, ba ta san abin da ta yi ba. Hamadu ya yi ta juya maganar a ransa. Mutum ne mai bin magana daki-daki, kuma bai sami inda zai kuɓuce mata ba. Idan rashin faɗa shi ne zumunci, to ya fi kowa. Idan kuwa nisa ne ya hana faɗan, to abin da ya daɗe yana alfahari da shi a gaban dattawa tsiraicinsa ne.

Ranar Juma'a ya sa aka sauke langar, aka wanke ta, aka cika ta da soyayyen kifi. Da kansa ya ɗauka, ya nufi gidansu na gado inda Iliyasu yake zaune. Hamida, matar ɗan Iliyasu, ta leƙo zaure ta tambaye shi da Fillanci wa za a ce. A gidan da aka binne cibiyarsa sai da ya faɗi sunansa.

Iliyasu ya fito da fara'a, ya shimfiɗa dardumar baƙi.

"Maraba da Alhaji. Ina gajiya?"

Ba Yaya ba, Alhaji. Hamadu ya so a zage shi, a tuna masa mabuɗi, a ce ya yi girman banza. Aka kawo lemo a tire, aka yi zancen zafi, aka rako shi har bakin titi.

Kashegari da hantsi Hamida ta yi sallama ɗauke da langar. Ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Inna Hawa'u ta ce a gaya wa Baba babba, wannan karon in ya riƙe ta, da ƙafarta za ta zo ta ɗauka, kuma ba shiru za ta zo ba."

Ya buɗe. Ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, abin da ba a kai wa baƙo. Ya daɗe yana kallonsa, kunya ta hana shi ɗaga ido ya dubi yarinyar. Sannan ya ce a kawo masa ruwan wanke hannu.