Yunwar Keke a Garin Surukai

Kwana uku na yi a kan keke, daga ƙauyenmu na kusa da garin Suki zuwa wani ƙauye gab da garin Rusairis. Shekarun da ake ginin madatsar ruwa a can ne. Aure na je nema. Baffana ya riga ya aika da magana, uban yarinyar ya ce sai ya ga mutum da idonsa.

A hanya ban ji yunwa ba. Dabino da ruwan kogi, shi ke nan. Ranar da na isa ma ba abin da ya dame ni sai ciwon mazaunai. Washegari cikin ya farka.

Na san yunwa. Na yi cirar auduga a gonakin Jazira da ci sau ɗaya a yini. Wannan daban ce, ba ta jin lallashi.

A zauren wani maƙwabci aka sauke ni. Safe da rana akushi na zuwa daga gidan surukai: asida, wato tuwon dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa, wata rana har da kifi. A wurinmu kuwa mai neman aure ba ya cika ciki da tuwon surukai. Loma biyu, ka rufe, ka mayar. Baffana ya ja mini kunne kan haka. Ni na zarce, loma ɗaya nake yi. Ina rufe akushin idona na kawo ruwa, ni da wanzami ya cire wa haƙori ban ce uffan ba.

Da hantsi sai in ce zan kai keke gyara. In bi bakin kogi zuwa kasuwar ma'aikatan madatsa. Can ƙarshen rumfuna akwai wata tsohuwa mai sayar da ful da kisra, wato dafaffen wake da siririyar gurasar dawa. Da Larabci, harshen kasuwar, nake yi mata magana, don kada a gane ni. Kwano ɗaya, biyu, uku. Ta tambaye ni ko akwai waɗanda nake ci wa. Na ce babu. Ta ce to keken ne ke ci. Kwana huɗu ina zuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, uban yarinyar ya kira ni zaurensa. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce kunya ya san ta, amma akushi na komawa yadda ya fita, ga ni a rame, kullum kuma ina ɓacewa da hantsi. Mata na cewa asibiti nake zuwa a ɓoye. Ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai kwanta kafin kaka ba. In koma gida in nemi magani.

In ce lafiyata lau, ba shaida. In faɗi gaskiya, na wulaƙanta tuwon gidansa.

Sai wata murya daga bayan zana, da Hausa tsantsa.

"Wanga ne mai ciwo? Kwana huɗu yana share mini tukunya. Ma'aikata suna tasowa su iske ba komi."

Ta shigo. Mai ful ce. Uwar mai gidan, kakar yarinyar. Keken ta gane tun ranar farko, ba wani mai jan sirdi a ƙauyen.

"Angona," ta ce, "sannu da jinya."

Mai gidan ya ja bakin rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Ya tambaye ta kwano nawa. Ta ɗaga yatsu uku, ta yi tunani, ta ƙara ɗaya. Ya ce ashe hannun 'yarsa ne abin tausayi, wajen tuƙin tuwo.

Ya sa aka kawo akushi, ya zauna a gabana, ya ce ba ya tashi sai ya ga gindinsa. Ban taɓa cin tuwo mai wuya irin wannan ba. Na cinye.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Har tsohuwar ta rasu, in ta ga na jingine keke a ƙofar gidan, ba ta amsa sallamata sai ta leƙa ciki ta ce wa mata su ƙara gari.