Rakiyar Naman Wuyan Bazazzage

Ni direba ne, amma ba kowane irin direba ba, haka nake cika wa mutanen ɗakinmu baki a unguwar Al Asmakh, can ƙasar Larabawa inda muke ci-rani. Su gadi suke yi ko jan motar kaya, ni kuwa akwatunan asibiti nake ɗauka, farare, masu ƙanƙarar nan mai hayaki a ciki, in kai ɗakin gwaji ko filin jirgi. Da na shigo da yamma sai wani ɗan ɗakinmu, Bazazzage, ya ce, "Ga likitan da bai taɓa riƙe allura ba." Ni kuma Bakano, sai in ce, "Bawana, tashi ka kawo wa ubangidanka shayi."

Ya girme ni nesa ba kusa ba, gadonsa ne a ƙarƙashin nawa. Kafin ya koma gadin wani gini a Mushairib, ya daɗe a wani filin aiki a bayan gari inda ake haska bututun ƙarfe da radiyeshan, hasken nan mai ratsa jiki ya yi illa, don a ga ko walda ta kama. Ya ce wasu ranakun ba a ɗaura igiyar da ke hana mutane matsowa, shi kuma yana tsaye a kusa, bai san komai ba.

Maɓallin wuyan rigar aikinsa ne ya fara ƙin shiga. Muka yi ta tsokanarsa cewa shinkafar Larabawa ta karɓe shi. Ashe ƙari ne a gaban wuya, a wani ɗan nama da likitoci ke kira tayirod. Aka ce sai an yi tiyata.

Ni na raka shi asibiti, don na fi shi jin Turanci. Bayan likitar ta gama bayanin aikin, sai ta ce tana da roƙo. Idan an cire ƙarin an gama gwaje-gwaje, tana so ya yarda a daskarar da ɗan guntu a aika wata ma'ajiya a ƙasar waje, inda ake tara irinsa daga mutanen da radiyeshan ya taɓa, masu bincike na ƙasashe daban-daban suna nazari a kai. Ta ce ba shi zai amfana ba, na baya ne. In ya ƙi ma, maganinsa ba zai canza ba.

Na fassara masa.

"Bakano, ka san abin da aka cire daga jikin mutum binnewa ake yi," in ji shi. "Yaya zan bar tsokata tana yawo a duniya, ba mai ce mata ko Allah ya kiyaye hanya?"

Na san ba wasa yake ba. Mutumin da ko farce ya yanke sai ya ƙulle a takarda ya tona gindin bishiyar bayan masallaci ya rufe. To a nan bakina ya riga hankalina. Na bugi ƙirji na ce, "Haba Yaya, wa kake tsammani zai ɗauke ta? Ni ne fa. Da hannuna zan kai ta filin jirgi, in yi mata addu'ar matafiyi kamar yadda ake wa ɗan gida." Ya dube ni, ya dubi likitar, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya yarda.

Aka yi aiki lafiya, sai dai muryarsa ta dushe. Kullum na dawo, kafin in cire takalmi zan ji daga gadon ƙasa, a hankali: "Ta tafi?" In ce tukuna.

Abin da ban tsaya na tuna ba a gaban likita, alhali kullum ina gani, shi ne akwatunan nan ba su da suna. Lamba ce kawai. Na je wajen matar da ke miƙo mana su a ɗakin gwaji, na marairaice, na ce ɗan'uwana ne, ta nuna mini nasa in ya fito. Ta girgiza kai. Ta ce da gangan ake cire sunan, don a rufa wa mai shi asiri, ko ta sani ba ta da ikon faɗa. Kuma ba ni kaɗai ba ne direba. Mai yiwuwa ma wani ya riga ya kai.

Na fito na zauna a mota, kunya ta rufe ni. Mutum ya ba da naman jikinsa a kan maganata, maganar kuwa iska ce. Na yi tunanin in je in ce masa na kai, har da bayanin yadda na ɗaga hannu na yi mata addu'a. Amma na san da ya kalle ni zai gane.

Na same shi yana shan shayi da cokali. Na durƙusa gefen gadon na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya shafa tabon wuyansa.

"To," in ji shi da wannan dusasshiyar murya, "tunda ba ka san wacce ce tawa ba, duk wadda ka ɗauka ka yi mata. Su ma suna da masu su."

Har yau haka nake yi. Kafin in miƙa akwati a sashen kaya sai na ɗora hannu a kan murfin, sanyin yana cizona, in karanta addu'ar matafiyi. Ma'aikatan wurin sun gaji da ce mini yalla, yalla, wato in yi sauri, yanzu jira kawai suke yi. Ban san ko tasa ta taɓa shiga motata ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

Ya warke, ya ƙarasa kwantiraginsa, ya koma Zariya. Muna gaisawa a waya lafiya lau. Amma tun daga ranar nan bai sake kirana likita ba.