Keken da Kawu Ya Haɗa Mini

Shan inna ya hana ni tafiya tun ina ƙarama, don haka na girma bisa tabarma a rumfar uwata cikin kasuwar Malanville, ina kallon ƙafafun mutane suna wucewa. Zamanin mulkin soja ne kawuna mai gyaran keke ya ce zai haɗa mini na kishingiɗa, mai ƙafa ukku, wanda ake murzawa da hannu.

Daga ranar na hana kowa sakat, kullum sai an ɗauke ni zuwa wurinshi. Wata safiya ya aje sarƙa gabana, da faranti biyu masu haƙora da za su ja ta.

"Ɗiyata, ƙaramin ya fi sauƙin murzawa," in ji shi. "Babban ya fi gudu, amma kafaɗunki za su sha wuya."

"Kawu, sa babban. Birki ma ka bar shi, na gaji da zama wuri guda."

Ya sa babban, birki kuwa ya ɗaura har biyu. Da anka gama ban jira fenti ya bushe ba. Na hau gadar da ta ƙetare kogi zuwa garin Gaya, na wuce duwan, wato 'yan kwastan na kan iyaka. A Gaya ba ni da kowa. Na sha ruwa wurin wata mai fura, na juyo.