Ƙafafun Motar Yaya

Yayana mai kantin magani ne, amma kowa Likita yake ce masa, shi kuma bai taɓa musawa ba. Shekara ashirin da biyu yana tsaye a bayan kanta yana warware rubutun likitoci. Ba shi da abokan yawo, ba ya zaman hira. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai tun yana saurayi: mota mai ƙofa biyu, irin wadda in ta wuce sai an waiga. Da ya kai arba'in da biyar ya sayi ta hannu, ruwan toka. Matarsa ta leƙa ciki ta ce, "To mu a but ɗin kaya za mu zauna?"

Ba a yi wata biyu ba ya fara ƙorafin motar ta yi tsayi, tana layi a kwana. Ya kai ta garejin Gajere, makanikin da ya ƙware a ƙafar mota. Ina tare da shi ranar, don zai sauke ni wurin aiki. Gajere ya buɗe kwali biyu a kan benci. Ya ce koyiloba ke nan: shokozoba ne da sifirin naɗe a jikinsa, akwai zoben da ake murzawa a sauke mota ko a ɗaga ta.

"Wannan baƙin na titi ne, yana shanye rami," in ji Gajere. "Jan kuwa na filin tsere ne. Likita, kai a ina kake tsere?"

"Wanne ya fi sauka ƙasa?"

"Jan. Amma ko tsakuwa ka taka sai haƙoranka sun sani. Wa kake ɗauka a ciki?"

"Ni kaɗai," in ji Yaya.

Na san ba haka ba ne. Duk Talata da Alhamis shi ke kai Babanmu asibiti gashin ƙashi, don shekarun da Baba ya yi sunkuye a kan keken ɗinki sun cinye masa baya. Na buɗe baki, na ga yadda Yaya ke shafa jan ƙarfen nan, sai na yi shiru.

Aka ɗaura jan. Motar ta kwanta a ƙasa kamar kyanwa mai haƙon ɓera. Baba ya zagaye ta ya ce, "Ta yi kyau, Allah ya tsare." Shigarsa ciki kuwa sai da dabara, kamar mai sauka rijiya.

Bayan sati uku Baba ya ce ya samu sauƙi, a bar zuwa asibitin haka nan. Muka yi ta murna. Wata biyu da wannan maganar, wata safiya ya kasa tashi daga kujera. A motar maƙwabci muka kai shi.

Ina riƙe da takalmansa a ɗakin gashin lokacin da ma'aikaciyar ta tambaye shi dalilin daina zuwa. Baba ya rage murya, ko da yake a zatonsa Yaya na waje.

"Motar ce, 'yata. Kafin mu iso, ciwon ya ninka. Kafin mu koma gida, abin da kika gyara ya warware. Amma kada ki faɗa masa. Yaron nan bai taɓa saya wa kansa abin jin daɗi ba sai wannan."

Na hango takalman Yaya ta ƙarƙashin labule. Suka daɗe a tsaye, sannan suka juya.

Washegari ya je gareji ya miƙa wa Gajere makulli, ya zauna a kujerar fasinja, ya ce a bi da shi hanyar asibiti. Bai taɓa zama a ɓangaren ba. Direba yana hango rami, ya riƙe sitiyari ya shirya. Na gefe sai dai ya ji a ƙashin bayansa. Tudun rage gudu goma sha ɗaya ya ƙirga. Gajere ya ce da suka dawo suka tsaya, sai Yaya ya ce masa, "Cire su. Sa baƙin, ka ɗaga ta."

Likitan ƙashi ya ce shekaru ne, ko da motar ko babu hakan na iya faruwa. Yaya bai karɓi wannan ba. Ni ma da na ce masa da laifina a ciki, sai ya ce, "Ni aka tambaya, Ƙanwata, ba ke ba."

Baba ya tashi, amma da sanda yake tafiya yanzu. Yaya bai taɓa gaya masa ya ji maganar ba. Yana rufe kanti safiya biyu a sati, ya kai shi, ya zauna har a gama, Baba na faɗan ana korar masu ciniki.

Ranar da suka fara komawa a motar, sun haye tudu na uku Baba ya dube shi.

"Me ya sami motar taka? Na ji ta yi laushi."

"Tsufa ne, Baba."

"Har ita?" in ji Baba, ya gyara zama.